Kunnen Ɗan Azumi, Mai Ƙwanƙwasa Shasi

Ɗan Azumi, maƙerin Gidan Amumune, taubashina ne. Uwarshi ƙanwar ubana ce, saboda haka duk abin da zan faɗa a kanshi ina da izinin faɗa tun daga kakanni. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, fara'a kuwa ba a raba da shi ba, in ka gaishe shi sai ya amsa kamar ka taka mashi shuka. Amma tun daga Issawane har Urafan, duk direban da ke da kat-kat, motar nan mai jan ƙafa huɗu da ke keta rairayi, ya san sunanshi. Ba don hannunshi ba, masu hannu suna da yawa. Don kunnenshi ne. In ya shiga ƙarƙashin mota ya ƙwanƙwasa shasi, wato ƙashin bayan nan na ƙarfe da komai ke zaune a kanshi, ya fito ya ce "Ta yi," to ta yi, ka loda mutane da kaya ka kama hanya hankali kwance. Gonarshi ba ta kirki ba ce, dabba kuma ko akuya bai ajiye ba. Wannan kalma guda ita ce abin da ya mallaka a duniya.

Ƙira gadonshi ce. Ubanshi ya rasu ya bar mashi uwar maƙera da zugazugi da rumfa ɗaya a bakin kasuwa, ya tashi yana ƙera hauya da gatari da magirbi kamar kowane ɗan maƙera. Aikin yana ci kafin damina, in an yi shuka kuma sai zaman hira da korar ƙuda. Da haka zai ƙare in ba don wata kat-kat da ta taso daga arewa wata damina ba, ɗauke da buhunan kanwa da raguna da mutane a sama. Ta faɗa wani kwari a bayan gari, ba ma da gudu ba, sai kawai ta karye a tsakiya, gaba ya dubi sama, baya ya dubi sama. Allah ya kiyaye, ba wanda ya mutu, sai mai motar da ya zauna a ƙasa ya rafka tagumi. Da aka fidda rai da ita, aka kira Ɗan Azumi ya yanki ƙarfen da zai yi hauya. Ya duƙa, ya danna babban yatsanshi a jikin shasin, yatsa ya shige kamar cikin ɓawon gyaɗa. Ya leƙa ciki ya tarar da rairayi jiƙe sharkaf, da garin kanwa, da jan tsatsa yana zuba. Hauya ko ɗaya bai samu ba a motar nan, amma ya kwana biyu yana juya guntun ƙarfen a hannu.

Mutanenmu suna da wani imani, wai a ƙasar da ruwa ke wuya ƙarfe ba ya tsatsa. Ƙarya ce tsagwaronta. Ka dubi abin da kat-kat ke ɗauka a wannan yanki namu: kanwa da gishirin dabbobi, waɗanda in ruwa ya taɓa buhun sai su tsiyaye ta ƙasa. Awaki da raguna ranar kasuwa, kuma ba wanda ya taɓa koya wa akuya riƙe fitsari. Damina ta faɗi, a kutsa cikin tabki, rairayi da laka su cika cikin shasin, domin shi rami gare shi kamar karan dawa da aka fafe. Rana ta busar da waje, ciki yana nan da danshi har kaka. Direbobi kuwa, Allah ya shirye su, sai a wanke saman mota har ka ga fuskarka, a rataya mata tuntaye, a rubuta addu'a a baya, amma mutum ya duƙa ya dubi cikinta, a'a, rigarshi za ta ɓaci.

Ɗan Azumi ya haƙa rami dogo a bayan rumfarshi, daidai yadda mota za ta hau ya shiga ƙarƙashi a tsaye, wanda ga mutum irinshi ba wani haƙa mai zurfi ba ne. Ya ƙera wata 'yar guduma mai siririn kai, da makankari, da waya mai lanƙwasa. In an kawo mota, farko sai ya ce kowa ya yi shiru, ya bi shasin daga gaba zuwa baya yana ƙwanƙwasawa, kamar yadda mata ke yi wa tukunya a kasuwa kafin su saya. Ƙarfe mai lafiya ƙara gare shi, siririya, tana daɗewa a kunne. Wanda tsatsa ta ci ta ciki kuwa sai ya amsa da wani dum, gajere, ya mutu nan take. Inda ya ji haka sai ya shafa toka, ya ce a kai Tasawa wurin masu walda su yanke su ɗora sabon ƙarfe. Inda ke da lafiya sai ya kankare, ya zaƙulo rairayin ciki da waya, ya sa a bar motar cikin rana ta sha zafi. Sannan ya ɗumama baƙin man da aka juye daga inji, ya sirka da gazuwal, wato man dizal, ya ɗura a cikin shasin da tiyo har ya fito ta ɗaya gefen, ya shafe waje da tsumma. Sau biyu yake so a kawo mashi mota a shekara, kafin ruwan farko da bayan an ɗaure gero. Wanda ya tsallake ɗaya, in ya dawo sai ya sha faɗa kafin a duba mashi.

Shafa mai kowa zai iya, har ni da ban san kan mota ba sai hawa. An yi masu kwaikwayo a Mayahi, an yi a Tasawa. Abin da ba su da shi, shi ne mutum ya ji bambancin ƙarfen da zai kai baɗi da wanda zai karye ranar kasuwa mai zuwa. Shekaru suka yi ta tafiya, ba a taɓa jin motar da Ɗan Azumi ya ce ta yi ta karye ba. Girman kai ya ƙaru, ba shakka. Ni dai nakan ce mashi mutum ya yi suna a cikin rami kamar gafiya, shi kuma ya ce dillalin shanu irina ba shi da bakin magana, tunda da ƙarya nake cin abinci. Haka muke tun muna yara.

Yana da ɗiya, Zara'u, ta uku a gidan, ita ce mai kai mashi fura rumfa. A nan Ashiru ya gan ta. Ashiru ɗan manoman Urafan ne, yaro mai hankali, yana jan wata tsohuwar kat-kat fara tsakanin kasuwannin ƙauye. Ya yi ta kawo mota dubawa har lokacin da ba na dubawa ba, kowa ya gane, aka yi magana, aka ɗaura aure. Daga ranar Ashiru ya shiga kunyar suruki, kuma shi irin mutanen nan ne masu riƙe ta da gaske. Tun daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa, idonshi a ƙasa, ba ya ci ba ya sha a gaban tsohon, ba ya kama sunanshi. Ɗan Azumi ma ba ya kiran sunan yaron, sai dai ya ce "mai farar mota." In yana da saƙo sai ya dubi wani gefe ya faɗa wa iska, Ashiru ya ɗauka.

To, ƙarfe ya ba shi, ƙarfe kuma ya karɓa. Mutumin da ya tashi a bakin uwar maƙera, ya ƙara da shekaru a cikin rami yana bugun ƙarfe dab da kanshi, ba sai malami ya faɗa maka inda zai ƙare ba. Abin ya zo a hankali. Matarshi ta kira shi daga ɗaki, sai ta fito ta taɓa shi. A kira salla, sai ya ga mutane sun miƙe sannan ya miƙe. Muryarshi ta ƙara sama, har in yana gaisuwa ka ce faɗa yake. Shi kuwa cewa yake mutanen yanzu ba su buɗe baki in suna magana, duk sun koma gunaguni. Wa zai ce mashi a'a? Maganar mutane ce ta fara ɓace mashi, muka yi ta fatan ƙarar ƙarfe za ta tsaya.

Ranar da na san ba ta tsaya ba, ina zaune a kan benci gefen ramin, ana dab da ruwan farko, zafi kamar a gasa mutum. Ashiru ya kawo farar motarshi, ya hau da ita ramin, ya koma gefe ya durƙusa. Akwai wasu direbobi suna jiran layi. Ɗan Azumi ya sauka, ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya fara daga gaba. Ƙara tana tashi, tas, tas, har tsakiya. Da ya kai baya, wajen hagu, inda ƙafar baya ke rataye, guduma ta sauka ta ce dum. Ya ƙara, ta sake cewa dum. Ni da ban san komai ba na ji. Direbobin suka dubi juna, ɗaya ya shiga gyara hularshi. Ɗan Azumi ya wuce gaba abinshi, bai nemi toka ba, ya gama zagaye, ya kankare, ya ɗura mai. Ya fito yana goge hannu, ya dubi bishiyar aduwa da ke can gefe, ya ce, "Ta yi."

Ashiru bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Madalla, Baba. Allah ya ƙara girma."

Da la'asar ya same ni a kasuwar dabbobi, ya ja ni bayan wani shinge.

"Baba Mati, ka ji abin da na ji?"

Na ce, "Kurma ne kaɗai bai ji ba, kuma shi ke riƙe da gudumar."

Bai yi dariya ba. Ya ce ya yi wa Zara'u magana, ta ce ita ba za ta iya duban ubanta ta ce mashi kunnenshi ya mutu ba, gara a ce ta faɗa rijiya. Shi kuwa, ya ce, da wane baki? Suruki ya ce ta yi, shi ya ce ba ta yi ba? A gaban mutane? Gobe kuma kasuwar Issawane, mata da yara ne za su hau motar nan.

Ya ce, "Kai kaɗai ne ke faɗa mashi abin da ka ga dama."

Gaskiya ya faɗa. Washegari da hantsi na tafi rumfar, na tarar yana wasa wani gatari. Na zauna dab da shi, na ɗaga murya yadda zai ji, na ce, "Ɗan Azumi, kunnenka ya tafi. Jiya motar yaron nan ta yi dum a baya wajen hagu, kowa ya ji, kai ka ce ta yi."

Ya dube ni, ya ce, "Kai da ko kukan jakinka ba ka bambanta shi da muryar matarka?"

Na ce, "Wallahi ba wasa nake ba."

Ya ce, "Bara ma da ka ce haƙorana sun zube cikin fura, wallahi ka ce." Ya ƙyalƙyale da dariya, abin da ba ya yi sai da ni, ya kira mai shayi ya ce a ba wannan maƙaryacin ya sha ya tafi.

An ce da wasa ake faɗa wa wawa magana. Ba a faɗa mana yadda ake yi da mai wayo ba, wanda ya shekara sittin yana jin ƙaryarka yana ramawa. Na sake gwadawa bayan kwana biyu, na ɗaure fuska, na rantse da kabarin kakarmu, sai ya ce yau kuma na zo da sabon salo. Na fito ina jin haushi, haushinshi da na kaina da na al'adar gaba ɗaya. Wanda zai faɗa a yarda, kunya ta ɗaure mashi baki, ni da bakina ke sake kuma ba a ɗaukar maganata a bakin komai.

Ashiru bai je Issawane ba ranar kasuwar. Ya ce wa fasinjoji inji ne ke ciwo, ya lallaɓa da motar babu kaya har Tasawa. Masu walda suka yanke wurin, suka ce da ya ƙara lodi ɗaya da sai dai labari. Suka ɗora sabon ƙarfe mai kauri. Kafin ya shigo gari, yaron nan ya tsaya a daji, ya shafe sabon ƙarfen da baƙin mai, ya watsa mashi rairayi, don kada ya yi ƙyalli wani ya gani ya kai labari. Direbobin da suka ji dum ɗin nan su ma suka ɗauki hanyarsu. Sai mutum ya je Tasawa ko Mayahi a duba mashi a ɓoye, a gyara abin gyarawa, sannan ya kawo wa Ɗan Azumi, ya durƙusa, a ce kowa ya yi shiru, a ƙwanƙwasa, a ce ta yi, ya yi godiya. Ba wanda ya shirya wannan da wani, kowa dai ya ga abin da ya dace. Layi bai ragu ba a bakin ramin, har ma tsohon yana ce mani bana motoci sun yi lafiya, mutane sun fara jin magana. Na ce ƙwarai kuwa.

Ni abin bai yi mani daɗi ba, in faɗa maka gaskiya. Gari guda ya taru yana yi wa dattijo wasan yara, kuma don ana ƙaunarshi. Amma damina ta wuce ba motar da ta karye, gero ya yi, na ja bakina na yi shiru kamar kowa.

Bayan an ɗaure gero, lokacin dubawa na biyu ya zo. Ashiru ya yi ta ja da baya, yau taya, gobe biki, har tsohon ya faɗa wa iska a gaban Zara'u cewa mai farar mota ya fara girman kai. Ba makawa, ya kawo ta. Ina wurin, don yanzu ba na barin ranar dubawa ta wuce ni. Bayanshi a layi akwai Ishaƙu, wani Bafillacen Issawane da danginshi suka haɗu suka sayi kat-kat don kai dabbobi kasuwa, shi bai san abin da ake ciki ba.

Ɗan Azumi ya sauka, ya ɗaga hannu, ya bi shasin da guduma, ƙara tas daga gaba har baya, har wajen hagun. Ya ajiye guduma ya ɗauki makankari. Yana kankarar tsohon mai da laka, yana bi da tafin hannu kamar yadda ya saba, har ya kai wurin. Sai na ji kankara ta tsaya. Daga inda nake ina ganin hannunshi kawai. Yatsun suka bi gefen ƙarfen, suka hau kan ɗinkin walda, suka bi shi har kusurwa, suka gangaro, suka dawo inda suka fara. Maƙeri ne, ba sai an faɗa mashi ɗinkin bana ne ko na shekarun baya ba, kuma ya san da hannunshi ya shafe wurin nan kafin ruwa babu komai a kai. Ya daɗe a ƙasa. Ashiru yana durƙushe, gumi yana ɗiga daga haɓarshi.

Da ya fito bai dubi bishiyar aduwa ba, bai dubi surukinshi ba. Ya zo ya tsaya a gabana, mai yana bin gwiwar hannunshi.

Ya ce, "Mati. Maganar da ka zo mani da ita kafin ruwa, wasa ne?"

Tausayinshi ya kama ni har muryata ta shige ciki. Na ce, "Ba wasa ba ne, ɗan'uwa."

Ya karkato kai, ya ce, "Me ka ce?"

Sai na girgiza mashi kai.

Ya koma cikin ramin, ya ƙarasa kankara, ya ɗura mai, ya shafe har sabon ƙarfen, a tsanake, bai tsallake ko'ina ba. Ya fito ya yi wa Ashiru alama da hannu ya sauke motar, bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Ishaƙu ya tada tashi zai hau ramin, tsohon ya tare shi, ya dafa ƙofar.

Ya ce, "Kai ta Tasawa a ƙwanƙwasa maka tukuna. Ni ba na ji. In sun gama ka dawo in shafa maka mai."

A ganinshi a hankali ya faɗa, tsakaninshi da Ishaƙu. Amma da muryar nan tashi ta yanzu ya faɗa, har masu shayi a tsallaken hanya suka ajiye kofunansu.